Neman shawara: koya wa kwamfuta hasashen sakamakon maganin limfoma

Tambaya: Assalamu alaikum likitoci da masana ƙididdiga na wannan zaure. Ina da bayanan majiyyata 180 masu limfoma, wato ciwon dajin kaluluwa, nau'in da ake kira DLBCL. A cikinsu 55 ciwon ya dawo musu ko sun rasu. Kowane majiyyaci ina da bayanai 40 a kansa. Na koya wa kwamfuta ta yi hasashen wanda ciwon zai dawo masa, daidaiton ya kai kashi 94 cikin 100. In ci gaba, ko da abin da na tsallake?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Dakta. Wannan 94 ɗin ita ce abin tsoro. Duba bayanan nan 40 ɗaya bayan ɗaya, ka cire duk abin da ba a sani ba ranar da aka fara magani: yawan zagayen R-CHOP (haɗin magungunan da ake yi wa wannan dajin) da mutum ya karɓa, makin Deauville (ma'aunin yadda ciwon ke jin magani) na hoton PET da ake ɗauka a tsakiyar magani, ko an sauya masa magani. R-CHOP zagaye shida ne, kowane bayan kwana 21. Wanda ya rasu a wata na biyu ba zai taɓa cika shida ba, don haka kwamfutar ba hasashe take yi ba, amsar ta leƙo.

Sannan abokin karawarka shi ne IPI, ma'aunin hasashen haɗarin limfoma na 1993 mai abubuwa biyar: shekaru sama da 60, ciwo a mataki na 3 ko 4, LDH (wani sinadari a gwajin jini) sama da ƙa'ida, makin ECOG (ma'aunin ƙarfin jikin majiyyaci) 2 zuwa sama, da ciwo a wuri fiye da ɗaya bayan kaluluwa. In tsarinka bai fi wannan ba, wahala kawai ka sha.

Amsa ta biyu: Dakta, ba 180 ne yawan bayananka ba, 55 ne. Tsohuwar ƙa'ida ita ce aƙalla mutum 10 da abin ya same su a kan kowane bayani ɗaya, ke nan biyar ko shida kake da hurumi, ba 40 ba. Manta da manyan tsare-tsare masu rassa da yawa, haddace majiyyatan za su yi. Yi amfani da tsarin Cox (mai lissafa haɗari bisa tsawon lokaci) tare da LASSO (dabarar rage yawan bayanai), akwai shi a kunshin glmnet cikin manhajar ƙididdiga ta R.

Kada ka raba majiyyatan kashi 80 na koyarwa da kashi 20 na gwaji. Za ka rage mutum 36 a gwaji, kamar 11 ne kawai abin ya same su, sa'a ce za ta yanke hukunci. Maimaita ɗiba daga cikin bayanan sau 500 da kunshin rms na R, kuma zaɓen bayanai da cike gurabe su gudana a cikin kowace ɗiba. Bar batun kashi nawa kwamfutar ta canka, kawo ma'aunin C, mai nuna yadda tsari ke bambance masu babban haɗari da masu ƙarami. Na IPI yakan tsaya tsakanin 0.6 da 0.7. Ka kuma duba ko waɗanda ta ba haɗarin kashi 30 da gaske kusan kashi 30 ɗinsu ne ciwon ya dawo wa.

Amsa ta uku: Ƙari kaɗan, Dakta. Waɗanda suka daina zuwa asibiti kada ka rubuta su a matsayin sun warke. Ka tsayar da lissafinsu a ranar da aka gan su ta ƙarshe. Ko hakan ma da gyara, domin a wajenmu galibi wanda jiki ya yi wa tsanani ko kuɗi ya ƙare shi ke ɓacewa, sai an bi su ta waya. Ware waɗanda suka sami CHOP babu rituximab (shi ne R ɗin R-CHOP) saboda tsada, sakamakonsu daban ne. Saka matsayin HIV. LDH kuma ka raba shi da iyakar ƙa'ida ta ɗakin gwajin da ya auna, don kowanne da tasa. Duk wanda ba a tabbatar da CD20 (alamar da ake samu a jikin ƙwayoyin wannan dajin) a naman da aka yanko ba, fitar da shi, don wataƙila ba DLBCL ba ce ma.