Wai Ibro ne uban barkwanci?

Ɗan Warawa: Wallahi abin nan yana ci min rai. Rabilu Musa Ibro ya rasu tun Disambar 2014, har yau yara na yanko finafinansa suna ɗorawa a TikTok suna tara mabiya, amma ko addu'a ba sa rubuta masa a ƙasa, mutumin da shi ne uban barkwanci a fim ɗin Hausa fa.

Baffa na Tudun Wada: Uba? Yaro kana ina lokacin da Samanja ke tara mu gaban akwatin talabijin? Ka ce ɗa dai.

Ɗan Warawa: Baffa da girmanka, Samanja dirama ya yi ba fim ba.

Maman Ilham: To dirama da fim meye bambancin, ba duk kyamara ba ce?

Baffa na Tudun Wada: Ki bar shi Hajiya. Samanja, wato Usman Baba Pategi, sojan gaske ne kafin ya fara wasan, shi ya sa in ya daka tsawa sai ka miƙe ko a gida kake.

Ɗan Warawa: Shi ma Ibro ai gandiroba ne kafin fim, ya sa kaki.

Sojan Baya: Kai malam kar ka haɗa kakin soja da na gidan yari don Allah

Autan Hajiya: Babana gandiroba ne shekara da shekaru, me kake nufi? Ka fito ka faɗa.

Sojan Baya: Ni ban zagi baban kowa ba.

Autan Hajiya: Ka zaga mana, kowa ya gani.

Maman Ilham: Kun manta Ƙasimu Yero kenan, Allah ya jiƙansa, 2017 ya rasu, shi har wasan Turanci ya yi.

Ɗan Warawa: Anti duk 'yan Kaduna kike lissafowa, dama ku haushin Kano kuke ji tuntuni.

Baffa na Tudun Wada: Samanja Banufe ne daga Pategi, ina ruwansa da faɗanku na Kano da Kaduna.

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta kowa ya yarda Samanja ne uba tunda ya riga kowa, Allah ya jiƙansa, a 2023 muka rasa shi ina Kaduna a lokacin. Ibro ma ya yi ƙoƙari. Sojan Baya ka ba Auta haƙuri.

Ɗan Warawa: Wa ya yarda? Ni dai ban yarda ba.