Tambaya kan hawan tsaunin Chappal Waddi daga Katsina

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum. Ni da ƙanena da abokanmu biyu mun ƙudiri aniyar hawan Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mai tsayin mita 2,419, wanda yake Jihar Taraba a kan iyakarmu da Kamaru. Dukkanmu a birnin Katsina muka tashi, inda ƙasa take shimfiɗe, kuma babu wanda ya taɓa kwana a kan dutse a cikinmu. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su faɗa mana lokacin da ya fi dacewa a je, da hanyar da ake bi, da kuma ko ƙarancin iskar da ake faɗa yana iya kayar da mutum a can.

Malamin Labarin Ƙasa, Daura:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsaunin yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi duk gandayen dajin ƙasar nan girma, saboda haka ba wuri ne da mutum zai ɗauki jaka ya faɗa kansa tsaye ba. Dole ku fara neman izini a ofishin gandun da ke Serti, su haɗa ku da jami'in da zai raka ku, sannan ku tambaye su halin tsaro na makon da za ku tafi, domin labarin da aka ji wata uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne.

Daga Katsina za ku bi ta Kano da Gombe da Numan ku sauka Jalingo, daga nan ku miƙe ta Bali zuwa Serti. Bayan Mayo Selbe ne mota take fara hawan tudun Mambila a kan hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe har zuwa Nguroje, inda ake barin kwalta a hau babur zuwa ƙauyen Njawai, sauran tafiyar kuwa ta ƙafa ce. Ku ware kwanaki isassu, domin mota kaɗai za ta ci muku kwana biyu kafin ku ga gindin tsaunin.

Game da lokaci, kada ku auna daminar can da tamu. Mu a nan ruwa yakan ɗauke a ƙarshen Satumba, amma a Mambila yana farawa tun wajen Afrilu, yana kuma iya kaiwa Nuwamba, rafukan da za ku tsallaka da ƙafa kuwa ba sa sauka da wuri. Tsakanin Disamba da Fabrairu ne na fi natsuwa da shi, ko da yake hazon hunturu yakan rage nisan abin da ido zai hango daga ƙololuwa. Abin da na fi ji muku shi ne sanyi. Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau, Katsina kuwa tana kan mita 500 ne ko sama da haka kaɗan, to kun ga bambancin ya kai digiri 12 tun kafin a sa iska da raɓa a lissafi. Ciyawar da za ku ratsa da asuba takan jiƙe wando sharkaf har cinya, kuma mutumin da ya jiƙe a cikin iska yana rasa ɗumin jikinsa da sauri ƙwarai. Ku riƙi kayan kwana daban a ƙulle cikin leda, kada ku sa su a jiki lokacin tafiya ko sau ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina:

Ƙanena, ciwon da ƙarancin iska ke haddasawa galibi yana farawa ne daga mita 2,500 zuwa sama, don haka ya fi damun masu hawan Kilimanjaro, mai mita 5,895, ko Tsaunin Kamaru da ya haura mita 4,000. A Chappal Waddi za ku yi haki fiye da yadda kuka saba, amma da wuya abin ya wuce nan. Duk da haka, duk wanda yake da hawan jini ko asma ko sikila a cikinku ya ga likita tukuna, musamman mai sikila, domin sanyi da ƙishirwa da wahala suna tayar da ciwon, asibiti kuma yana da nisa. Ku tafasa ruwan rafi kafin ku sha, saboda shanun Fulani suna kiwo a kan waɗannan tuddai, ku kuma tafi da garin gishiri da sukari na maganin gudawa, da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Tsohon Soja, Dutsin-Ma:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni a ganina sauka ta fi sanyi haɗari. Yaro, hawa yana cin numfashi ne kawai, amma gangara tana cin gwiwa, kuma a lokacin ne ƙafa ta riga ta gaji, hankali ya koma gida. A inda tudu ya miƙe har sai an sa hannu, ka fuskanci dutsen, ka tabbatar gaɓoɓinka uku suna riƙe kafin ka ɗaga ta huɗu, ka kuma jijjiga duk dutsen da za ka kama ka ji ko yana motsi. Kada ka rataya nauyinka a kan tushen ciyawa, domin yakan tumɓuke da ƙasarsa gaba ɗaya. Kada ɗayanku ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, saboda tsakuwar da na sama ya ture kan na ƙasa za ta sauka. Kafin ku bar zango ku yanke sa'ar da za ku juyo, ko kun kai ƙololuwa ko ba ku kai ba, kuma idan jagora ya ce a koma, babu musu.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, ta yaya za mu horar da jikinmu a nan, tunda ba mu da tsaunin kirki a kusa?

Tsohon Soja, Dutsin-Ma:

Ku fara tun wata biyu kafin tafiyar. Ku sa kaya mai nauyin kilo 10 a jakar goyo, ku riƙa tafiyar awa uku zuwa huɗu bayan sallar asuba da ainihin takalmin da za ku je da shi, domin sabon takalmi yana fasa dunduniya tun a yinin farko. Ku nemi bene mai tsawo ku dinga hawa da sauka, ku fi ba saukar muhimmanci. Idan da hali, ku je Jos ku gwada duwatsun Shere, waɗanda suka kai mita 1,800, ku kwana a can cikin tanti, a nan za ku gane ko bargonku ya isa da kuma wanda ya fi saurin gajiya a cikinku, shi ne za ku sa a gaba bayan jagora ranar hawan.