Neman shawara: ta yaya zan gane tebukonazol ɗina ya shiga cikin beta-CD?

Salam 'yan uwa, don Allah masu kemistiri ku taimaka. Furojet ɗina a kan maganin fumfunar amfanin gona ne, tebukonazol, shi kuma baya son ruwa ko kaɗan, wajen 36 mg kawai yake narkewa a lita, shi ne aka ce in cusa shi cikin saikulodestirin wato beta-CD, wani zoben sukari mai rami a tsakiya, don ya fi narkewa a ruwa. Na kwaɓa su a turmin lab da ɗan ruwa da etanol na busar, na samu farar hoda, amma sufabaiza ya ce mene ne shaidar ya shiga ramin ba gauraya kawai na yi ba. Ya zan yi?

Amsa: Wslm ɗan uwa, gaskiyar malaminka ne, dama can dukkansu farare ne ai. Ka auna wani kason daban ka jujjuya shi a bushe ba kwaɓi, sai ka kai duka biyun DSC, injin da ke dumama abu yana nuna inda zafi ya narkar da shi. Zafi na narkar da tebukonazol wajen digiri 105 na Selsiyas, a busasshen za ka ga alamar narkewar ɓaro-ɓaro, a naka kuwa in ya shiga sai ta ɓace ko ta ragu sosai. Kuma in za ka haɗa su 1:1, na mol ne fa wato yawan ƙwayoyinsu ba na giram ba, mol ɗaya na beta-CD giram 1135 ne, na maganin 308, kenan giram 1 na magani kusan 3.7 na CD yake so.

Amsa: DSC kaɗai bai isa ba yallaɓai, hodar da ta rasa kiristal ɗinta ma alamar na iya ɓacewa alhali komai na waje. NMR, injin da ke nuna alamar kowane haidurojin a ƙwaya, ne ke raba gardama, beta-CD zoben gulukos 7 ne, haidurojin ɗinsa H3 da H5 cikin ramin suke kallo, in alamarsu ta gusa to maganin ya shiga. In babu injin, ya yi hanyar Higuchi da Connors ta 1965, yana ƙara CD yana auna nawa maganin ya narke, in ya zana giraf ɗinsu da mol layi ya miƙe da gangaren da bai kai 1 ba yawanci 1:1 kenan.

Amsa: Ni ina ganin beta-CD ɗin ma zai taƙaita ka, shi kansa 18.5 g yake narkewa a lita, HP-beta-CD, wato nau'insa da aka yi wa gyara, ya fi shi narkewa nesa ba kusa ba sai dai tsada. Sannan ranar gwaji a kan fumfunar Fusarium kar ka manta da faranti mai CD zalla, in ba haka ba ranar difens za su tambaye ka wanne ne ya hana fumfunar girma.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Injin UV mai auna yawan magani da haske kawai muke da shi, da hanyar Higuchi zan fara.