Canjin rukunin shekaru ya raba ɗana da ƙungiyarsa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Amurka da yaransu ke buga ƙwallo.

Tun 2017 ana raba yara ne bisa shekarar haihuwa, Janairu zuwa Disamba. Yanzu hukumomin da ke shirya wasannin ƙwallon ƙafa na yara, wato US Youth Soccer da US Club Soccer da AYSO, sun koma lissafin shekarar makaranta, 1 ga Agusta zuwa 31 ga Yuli, daga kakar 2026-27.

Ɗana haihuwar Oktoban 2013 ne. Ke nan zai maimaita rukunin 'yan ƙasa da shekara 13, abokansa da aka haifa kafin Agusta kuma su wuce na 14. Har da ɗan maƙwabcinmu, wanda muke karɓa-karɓar kai su atisaye da mahaifinsa. Ni ina aikin dare, in ranakun suka bambanta ban san yadda zan yi ba.

Kocin ya ce zai iya barinsa ya bi manyan, amma bai yi alkawarin zai riƙa sa shi wasa ba. Yaron ɗan firit ne, ko yanzu da kafaɗa ake ture shi. Mahaifiyarsa ta ce ya zauna da 'yan ajinsu ya samu ƙwarin gwiwa. Shi ko, tun da ya ji maganar, takalmansa na nan bayan ƙofa ko taɓa su bai yi ba.

Wanda ya taɓa barin ɗansa ya bi manya, ya ta kaya? Kuma in mun biya kuɗin rajista abin bai yiwu ba, ana yarda a mayar da shi ƙasa a tsakiyar kaka?

Allah Ya saka da alheri.