Bincike ya ce fayil ɗin gidan ƙalau yake, amma an shafa jan fenti a katanga

Abban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar lauyoyi da ma'aikatan ƙasa da ke cikinmu. Yayana ya yi cinikin gida mai takardar shaidar mallaka ta gwamna a kan naira miliyan 48. Kafin ya ba da ko sisi, sai da lauya ya je ma'aikatar ƙasa ya biya kuɗin binciken fayil ɗin gidan. Rahoto ya fito babu jingina, babu ƙara, sunan mai sayarwa ne a fayil. Wannan a watan Maris ke nan. Ya tura miliyan 20 ta banki, aka rubuta yarjejeniya cewa bayan wata huɗu zai cika a miƙa masa takardu na asali. Shekaranjiya muka je da kafinta duba rufi, sai muka tarar da rubutu da jan fenti a katanga da ƙyauren get, wai gidan yana ƙarƙashin bincike, kada a kusanta, ga sunan wata hukumar yaƙi da almundahana a ƙasan rubutun. Mai gadi ya ce kwana tara ke nan da yinsa. Mai gidan yana cewa sharri ne, a ƙarasa biya zai sa a goge. Idan kotu ta ɗaure gida, ba a rubutawa a fayil ne? Me ya sa bincike bai nuna ba? Me ya kamata mu yi yanzu?

Malam Ibrahim Rajista:
Wa alaikumussalam. Da farko dai, kada yayanka ya ƙara ko kwabo. Sai mu zo kan fayil.

Ofishin rajistar ƙasa ba ya sanin abin da ya faru a kotu sai an kawo masa a hannu. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamnanta, saboda haka kowace jiha da nata rajistar: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, NAGIS a Nasarawa. Abuja ma, duk da ba jiha ba ce, tana da AGIS. Kotun da ke ba da umarnin ƙwace kuwa sau da yawa Babbar Kotun Tarayya ce, wataƙila ma a Legas ko Abuja take zaune alhali gidan yana Arewa. Kwamfutar kotu ba ta magana da kwamfutar ma'aikatar ƙasa.

Ga yadda umarni ke shiga fayil. Hukumar da ta samo shi za ta karɓi kwafi mai hatimi da sa hannun magatakardan kotu, ta haɗa da wasiƙa zuwa ga kwamishina ko shugaban hukumar ƙasa tana neman a sa gargaɗi, abin da ma'aikata ke kira kabiyat. A buga wa wasiƙar hatimin karɓa mai kwanan wata, a tura sashen shari'a su tabbatar umarnin na gaske ne, sannan magatakardan takardu ya ciro fayil, ya liƙa kwafin a ciki, ya rubuta lambar ƙara da sunan kotu da ranar umarni, a kuma sa alama a kwamfuta. Daga ranar, duk wata buƙata a kan fayil ɗin tana tsayawa: neman amincewar gwamna, rajistar sayarwa, jingina, raba fili, har neman sabuwar takarda da sunan ta farko ta ɓata.

Inda abin ke lalacewa shi ne wajen kwatance. Mai bincike a hukuma adireshin titi ya sani, “gida mai lamba kaza, titi kaza”. Rajista kuwa ba ta san titi ba. Lambar fayil ta sani, da lambar fuloti, da lambar taswirar shimfiɗar unguwa, da lambar takardar mallaka, da bayanin rajista mai kashi uku: lamba, shafi, juzu'i. Umarnin da ya zo da adireshi zalla yakan kwana a teburi ana neman fayil ɗin da ya dace da shi. Haka in an sabunta takardu fayil ya samu sabuwar lamba, umarni kuma ya zo da tsohuwa. Ko kuma sunan da ke cikin umarnin na wanda ake tuhuma ne, fayil kuwa da sunan matarsa ko kamfaninsa ko yaronsa.

Rahoton ku na Maris bai yi ƙarya ba. Abin da ke cikin fayil a ranar ya faɗa. Gobe da safe ku biya a sake sabon bincike, kuma lauya ya roƙi a nuna masa fayil na takarda, ya duba shafukan ƙarshe da idonsa, domin wasiƙa takan shiga fayil kafin ta hau kwamfuta.

Barista Hadiza:
Na yarda da Malam Ibrahim. Zan ƙara abin da ya shafi doka, don jan fenti ba mataki ɗaya yake nufi ba.

Akwai lokacin da hukuma ke alamta kadara tana cikin bincike, tun ba ta je kotu ba. Akwai umarnin ƙwacewa na wucin gadi, wanda ake nema ba tare da an gayyaci mai kadara ba. Akwai kuma ƙwacewa ta dindindin, inda mallaka ke komawa hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar EFCC ta 2004, sashe na 28 da 29, ta yi maganar bin sawun kadarar wanda aka kama da neman umarnin wucin gadi a kanta. Amma hanyar da aka fi bi ita ce sashe na 17 na dokar damfara ta 2006, wanda ke ba da damar ƙwace kadara ko ba a yanke wa kowa hukunci ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin wannan sashe a shari'ar Patience Jonathan a 2019. Saboda haka maganar “ai ba a kama ni da laifi ba” ba ta tsare gida.

A ƙarƙashin sashe na 17, bayan umarnin wucin gadi kotu kan ce a buga sanarwa a jarida, duk mai haƙƙi ya zo ya nuna dalilin da zai hana a ƙwace. Bayan kwana 14, ko wa'adin da alƙali ya yanke, hukuma na iya neman ƙwacewa ta dindindin. Nan ne nake jin tsoro a maganarku. An ce fenti ya kwana tara. Idan akwai umarni kuma an buga sanarwa a wancan makon, kwanakin da suka rage muku kaɗan ne.

Lauyanku ya rubuta wa sashen shari'a na hukumar yau, yana neman lambar ƙara da kotun da take. Ya kuma bincika a rajistar Babbar Kotun Tarayya ta jiharku da Babbar Kotun Jiha, ya duba jaridun ƙasa na makonni huɗu da suka wuce. In ya samu ƙarar, ya karɓi kwafin umarni da takardar rantsuwar da hukuma ta jingina da ita, sannan ya shigar da takardar rantsuwa ta nuna dalili da sunan yayanka. A haɗa yarjejeniya, bayanan banki da ke nuna fitar miliyan 20 da asusun da ta shiga, rahoton bincike na Maris da rasit ɗinsa, da hujjar inda yayanka ya samo kuɗin, ko albashi ne ko sayar da gona ko kasuwanci. Alƙali abu biyu yake dubawa: ka biya kuɗi na gaske daidai da darajar gida, kuma ba ka san da zargi ba lokacin da ka biya. Rahoton Maris ɗin nan da kuke ganin ya yaudare ku, shi ne babbar hujjarku.

Kada kowa ya taɓa fentin. Sashe na 32 na dokar EFCC ya tanadi ɗaurin shekara biyar babu zaɓin tara ga wanda ya sayar ko ya yi mu'amala da kadarar da aka ɗaure ba da izini ba.

Abban Khadija:
Allah ya saka da alheri. Barista, to in sabon binciken ya sake fitowa babu komai a fayil fa? Dillalin yana cewa mu yi maza mu cika kuɗi mu nemi amincewar gwamna kafin wasiƙar ta iso, wai in suna ya koma na yayana shi ke nan.

Barista Hadiza:
Abban Khadija, dillali la'adarsa yake hange. Ƙarfin umarnin kotu ba daga rubutun fayil yake zuwa ba. Rubutun fayil ɗin sanarwa ce kawai ga jama'a. Ku kuwa kun riga kun sani, kun ga fenti da idonku, mai gadi shaida ne. Duk kuɗin da aka biya daga shekaranjiya zuwa gaba, ba za a ce an biya cikin rashin sani ba. Kuma ƙa'ida ce tsohuwa cewa wanda ya sayi kadara ana cikin shari'a a kanta, hukuncin da ya fito zai hau kansa. Gaggawar ma kanta za ta sa a fara kallon yayanka a matsayin mai taya ɓoye dukiya, har miliyan 20 ta farko ta shiga zargi.

A sani kuma, yayanka bai zama mai gida ba tukuna. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ce sai da amincewar gwamna ake sallama haƙƙin, ga shi ko rabin kuɗi bai cika ba, bai kuma tare ba. Abin da ya fi yiwuwa ya nema shi ne kotu ta kare haƙƙinsa gwargwadon abin da ya biya, tare da bin mai sayarwa ya dawo da kuɗi. Ku duba yarjejeniyar ko akwai sharaɗin da mai sayarwa ya tabbatar babu wata taƙaddama a kan gidan, da na mayar da kuɗi. A aika masa da wasiƙar neman mayarwa yanzu, kafin a rufe asusunsa, in ma ba a riga an rufe ba.

Injiniya Bala Safiyo:
Kafin a yi nisa, a tabbatar fulotin da ke cikin umarni shi ne wanda aka shafa wa fenti. A unguwannin da aka yanka fuloti ɗaya gida biyu ko uku, ko aka haɗe biyu da katanga ɗaya, kuskure yana yiwuwa. Ku ɗauki mai safiyo ya karanta lambobin duwatsun kusurwa huɗu daga waje, ya gwada da taswirar da ke manne a bayan takardar mallaka, sannan a gwada da jadawalin da ke ƙarshen umarnin kotu. Aikin yini ɗaya ne. In sun saɓa, rahotonsa ya shiga cikin takardar rantsuwa.

Hajiya Umma Lauya:
Ina da ɗan bambanci da Malam Ibrahim a wuri guda. Ba kullum ne sa gargaɗi ya rataya ga wasiƙar hukuma kaɗai ba. Dokar ƙwato da sarrafa dukiyar da aka samu ta haram ta 2022 ta ba kotu ikon umartar hukumar rajistar ƙasa kai tsaye ta sa takunkumi a kan kadarar da aka ba da umarnin tsarewa. In lauyan hukuma ya roƙi hakan a cikin buƙatarsa, rajista ba ta da zaɓi. Sai dai ko a nan, sai an kai mata kwafin.

Yayanka ma yana iya sa nasa gargaɗin. Lauya ya rubuta wa ma'aikatar ƙasa da kwafin yarjejeniya da shaidar biya, yana sanar da cewa akwai mai haƙƙi. Amfaninsa, in kotu ta saki gidan, mai shi ba zai sayar wa wani a ɓoye ya bar ku da takarda a hannu ba.

Malam Ibrahim Rajista:
Gaskiya ne Hajiya, na karɓi gyara. Wani abu da ake mantawa: gargaɗi ba ya fita da kansa. Ko kotu ta janye umarni, fayil zai ci gaba da zama a kulle har sai an kawo kwafin umarnin janyewa mai hatimi, galibi tare da wasiƙar hukumar da ta sa shi, sannan a soke rubutun a fayil da kwamfuta. In kuwa ƙwacewa ta dindindin ce, kamar rukunin gidaje 753 na Lokogoma a Abuja da kotu ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya a Disambar 2024, sai a rubuta hukuncin a fayil, duk wanda zai saya daga baya daga hannun gwamnati zai saya. Abban Khadija, in Allah ya sa aka saki gidan kuka ci gaba da ciniki, kada ku yarda da hoton umarni a waya. Ku karɓi kwafi daga kotu da kanku, ku ga an soke gargaɗin, a sake bincike a safiyar ranar da za a tura ragowar miliyan 28, a miƙa takardu na asali a zama ɗaya, a kuma shigar da neman amincewar gwamna a cikin makon.