Overwintering: ni dai "cin hunturu" na zaɓa

Masu lambu a Kanada da arewacin Amurka suna da kalmar overwintering, wato hidimar da ake yi wa shuka don ta ga bayan sanyi da ranta. Ana tayar da maganar a kan haidiranjiya (hydrangea), wani furen ado da ake shukawa a ƙasa ko a tukunya, wanda 'yan'uwanmu na Nijar za su fi sani da sunan Faransanci, ortansiya. To, me za mu kira wannan aiki da Hausa?

Wani ɗan'uwa ya kawo "adana shuka". Ban gamsu ba, Malam. Hatsi ake adanawa a rumbu, wannan kuwa mai rai ce, tana shan ruwa. "Barcin hunturu" ya yi daɗi, amma halin shukar ya faɗa, bai faɗi aikin mai ita ba. Mu bar shi ga dormancy, wato hutun da shuka ke yi ta daina girma lokacin sanyi.

Abin da ya kwanta mini shi ne "cin hunturu", bisa awon cin rani: a bar gida, a fake wani wuri, a dawo idan lokaci ya yi. Haka ake yi wa haidiranjiyar tukunya. Wadda ke ƙasa, ƙasa ce ke rufa wa saiwarta asiri. Ta tukunya kuwa sanyi na shigarta ta kowane gefe har saiwa ta daskare. Shi ya sa da ganye ya zube sai a kai ta gareji marar na'urar ɗumama. Ba falo ba, don ɗumi zai sa ta toho tun lokaci bai yi ba. Ruwa ɗan kaɗan, kamar sau ɗaya a wata, kada ƙasar ta bushe ƙarau. In tukunyar ta fi ƙarfin ɗauka, a matsar da ita jikin bango, a naɗe da buhun algarara, a cusa busasshen ganye tsakani.

Kuma don Allah a ajiye almakashi! Irin haidiranjiyar nan mai faɗin ganye, ɗan asalin Japan, tun ƙarshen bazara yake ƙulla idon furen baɗi a jikin tsoffin rassa. Wanda ya datse su, ganye zalla zai gani.

Na san za a ce hunturunmu na hazo da jaura ne, ba ya daskarar da ruwa. Gaskiya ne, amma gidajen rediyon Hausa sun daɗe suna cewa hunturu idan suna labarin sanyin Turai, kuma kowa na ganewa.

Ku gwada a baki: "Na kai ta cin hunturu." "Ta ci hunturu lafiya?" Wanda ya ji kalmar ta yi masa gingiringim, ya kawo tasa mu auna.