Zan je aikin sa kai Malawi na wata uku, me ya kamata in shirya?

Ungozoma82:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa fita aikin sa kai wata ƙasa, musamman ta fannin lafiya.

Ni ungozoma ce, shekarata 11 ina karɓar haihuwa, 9 daga ciki a ƙasar sanyin da nake zaune yanzu. Wata ƙaramar ƙungiya ta amince in je in taimaka a wani asibitin karkara a gundumar Mangoci, can kudancin tafkin Malawi, daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Maris. Saura mako 11 in tashi. Tikiti yana hannu, ta Adis Ababa zuwa Bilantaya, fasfona kuma da sauran shekara uku a jikinsa.

Abin da ya ja ni shi ne wasiƙar da shugabar ɗakin haihuwa na can ta turo. A inda nake aiki, in mace ta fara zubar da jini bayan haihuwa, ƙararrawa kawai nake dannawa, kafin in sa safar hannu mutum biyar sun shigo. Ita kuwa ta rubuta cewa da dare ungozoma ɗaya ce a ɗakin, in wuta ta ɗauke da tocila a baki take ɗinki. Tun ranar da na karanta wannan ban samu natsuwa ba.

Tambayata ta farko kan maleriya ce. Asibitin matafiya sun ce lallai in sha ƙwayar rigakafi kullum har tsawon zamana. Ni kuwa cikin sauro na girma, na yi zazzaɓin nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma ga ni. Shin da gaske irina na buƙatar wannan ƙwaya, ko don waɗanda ba su taɓa jin cizon sauro ba ne? Ta biyu, na riga na cika akwati guda da kayan jarirai, alawa, biro, da wasu magunguna da abokan aiki suka tattara mini. Me zan ƙara? Ta uku, an ce masaukina bai fi tafiyar minti goma da bakin tafki ba, kuma ina son ruwa ƙwarai. In akwai abin da ya kamata in tambaya ban tambaya ba, don Allah ku faɗa mini.

Baba Likita:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba da ladan niyya. Bari in fara da maleriya don ita ce za ta iya kashe ki.

Kariyar da jikin wanda ya girma cikin sauro yake samu ba cikakkiya ba ce, kuma cizon da ake ta yi masa a kai a kai ne yake riƙe ta. In cizon ya tsaya, ta fara zagwanyewa. Bayan shekara 9 ki ɗauka babu ita. A ƙasashen Turai, mafi yawan waɗanda ake kwantarwa da maleriya ba 'yan yawon buɗe ido ba ne, mutane ne irinki da suka je ganin gida suka ce ai mun saba. Na taɓa duba wani magidanci da ya dawo daga irin wannan tafiya, kwana huɗu yana shan farasitamol yana cewa mura ce. Da aka kawo shi bai san sunan matarsa ba, fitsarinsa kamar shayi ba madara. Ya rayu, amma sai da aka yi masa wankin ƙoda. Irin ƙwayar cutar da ta kama shi, falsifarum, ita ce ta fi yawa a Malawi, kuma Janairu zuwa Maris tsakiyar damina ne a can, ga ki a bakin tafki inda zafi da danshi suka fi yawa.

Ƙwayar rigakafin, zaɓi uku ne. Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin shiga, kullum ɗaya, a ci gaba kwana 7 bayan fitowa. Ya fi sauƙi a jiki amma ya fi tsada. Doksisaikilin shi ma kullum ne, sai dai mako 4 za ki ƙara bayan dawowa, yana sa rana ta ƙona fata, ana haɗiye shi da ruwa cike da kofi kuma ba a kwanciya nan take, mai ciki ba ta sha. Meflokwin sau ɗaya ne a mako, ana farawa mako biyu zuwa uku kafin tafiya, amma yana kawo wa wasu munanan mafarkai da firgici, kuma an hana mai farfaɗiya ko mai tarihin ciwon damuwa. Ki zauna da likitanki ku zaɓa. Kada kowa ya ce miki an yi allurar rigakafin maleriya yanzu. Gaskiya ne Malawi na cikin ƙasashe uku da aka fara ba da ita a 2019, tare da Gana da Kenya, amma ta ƙananan yara ce.

Ƙwaya ba ta hana cizo. Gidan sauro mai magani, man shafawa mai sinadarin korar sauro na DEET kashi 30 zuwa 50, doguwar riga da safa daga magariba. Ke da za ki riƙa aikin dare, ki shafa a idon sawu kafin ki shiga ɗakin. Duk zazzaɓin da ya zo miki daga kwana na bakwai da isarki, har watanni bayan kin dawo, a gwada jininki a ranar.

Tafki kuwa, ki kalle shi da ido. Akwai tsargiya a ciki, musamman a gaɓar kudu inda za ki zauna. Tsutsar tana fitowa daga jikin katantanwa ta huda fata lafiyayya, ko wanke ƙafa kika tsaya yi. Za ki ga masu sayar da firazikwantel, maganin tsargiya, suna cewa ki yi iyonki ki sha washegari. Maganin ba ya kashe tsutsar tana ƙarama, don haka shan sa da wuri asara ce. In tsautsayi ya sa kin shiga, ki yi gwaji bayan kamar wata uku.

Sauran allurai ki je wannan makon, kada ki jira: taifot, ciwon hanta nau'in A, a duba ƙarfin rigakafinki na nau'in B tunda da jini kike aiki, sai ta haukan kare. Wannan ta ƙarshe mutane na raina ta. Amfaninta shi ne in kare ya cije ki, ba sai an nemo miki ruwan garkuwar nan da ake zubawa cikin rauni ba, wanda da wuya a same shi a karkara. Duk da haka sai kin wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, kin je an ƙara miki allura. Katin allurar rigakafin cutar shawara ma ki tafi da shi. Babu cutar a Malawi, amma suna tambayar wanda ya fito daga ƙasar da take, ko ya daɗe fiye da awa 12 a filin jirginta, kuma Habasha na ciki. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Tafiyayye:

Hajiya, Baba ya gama maganar lafiya, ni ta hanya da aljihu zan taɓa. Ki karanta takardar inshorarki layi-layi. Da yawa ba sa biya in aiki kika je yi, ko da na kyauta ne, kuma ki tabbata akwai ɗaukar mara lafiya a jirgi zuwa Johanasbag ko Nairobi. Kuɗinsu kwaca ne, darajarsa ba ta zama wuri ɗaya, a Nuwamba 2023 kaɗai an karya shi da kashi 44, saboda haka ki riƙa canzawa kaɗan-kaɗan. Ki zo da daloli sababbi marasa yagewa. Ki sayi layin Airtel ko TNM da fasfonki, yawancin ƙananan biya ta waya ake yi. Wutar ƙasar galibi daga madatsun kogin Shire take, ana ɗauke ta sosai, sai ki riƙe fawa bank babba. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Ingila. Abu ɗaya da nake roƙonki: kada ki yi tafiyar dare a mota, kada ki hau babur ba hular kwano. Damina na cinye gada a kudu, guguwar Freddy ta Maris 2023 ta kashe ɗaruruwan mutane a yankin Bilantaya, don haka ki bar kwana biyu tsakanin barin Mangoci da ranar jirginki.

Anti Nas:

Ƙanwata, na yi wata shida a wani asibiti a kudancin Malawi, kuma akwatinki ne ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba.

Kafin akwati, kin yi rajista da Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Malawi? Lasisinki na inda kike ba ya ba ki damar taɓa mai naƙuda a can. Ƙungiyar da ta kai ni ta ce mini za su gama komai kafin in iso. Na isa ba su ko miƙa takarduna ba. Mako biyar ina naɗe auduga ina ƙirga magani a sito, ina jin mata suna naƙuda ta bayan bango. Ki tambaye su yau, a rubuce: wa ke bin rajistar, wane izinin zama za ki shiga da shi, wace ce za ta kula da aikinki, kuma in kin biya su kuɗi, nawa ne ke isa asibitin. Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi.

Magungunan da aka tattara miki, ki bar su. Na ga kwalaye irin waɗannan jibge a kusurwar sito, wasu wa'adinsu ya wuce, wasu rubutun jikinsu da harshen da ba mai karantawa, wasu ba sa cikin tsarin maganin ƙasar sam. Ƙona su ma wani aiki ne da aka ɗora wa mutanen da aiki ya riga ya yi musu yawa. Alawa kuwa, rana ɗaya kika raba, kin mai da yaran unguwar masu jiran hannun baƙo. Kayan jarirai ana samun su a kasuwar can, in kin saya a can mai ɗinki ma ya samu. Ki rubuta wa shugabar ɗakin ki ce me ya ƙare muku. Ni da na tambaya, abin da aka ce mini shi ne na'urar awon hawan jini ta hannu, ma'aunin zafin jiki, da tocilan goshi. Wata ungozoma da na ba tocilar goshi ta sa ta a daren, ta ɗaga hannayenta biyu tana juya su a cikin hasken tana dariya, don karon farko ke nan da take ɗinki hannu biyu a sake kuma bakinta ba komai.

Don kanki: safar hannu mai tsawo zuwa gwiwar hannu, tabarau na kare ido, takalmi rufaffe. Kudancin ƙasar ya fi yawan masu ɗauke da ƙanjamau, don haka ki san tun ranar farko inda ake ajiye maganin kariya in allura ta soke ki. Cikin awa 72 ake fara shi, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28. Ruwan sha ki tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Kwalarar da ta ɓarke a 2022 zuwa 2023 ita ce mafi muni a tarihin ƙasar, Mangoci kuma na cikin inda ta fi ɓarna. Ki haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina shi ne yadda za ki shiga ɗakin. Matan nan da za ki tarar sun karɓi haihuwar ɗan da ya zo ta ƙafa ba hoton ciki ba likita, sau da yawa fiye da yadda ke da ni za mu gani har mu yi ritaya. Malawi ce ta fara, a 2011, ɗora duk mai ciki da ke ɗauke da ƙanjamau kan magani na har abada ba tare da jiran gwajin ƙarfin garkuwarta ba, daga baya sauran ƙasashe suka bi. Baƙo ko da ido makaho ne. Mako biyun farko ki kalla, ki tambaya, ki wanke kayan aiki tare da su. In kin ga abin da za a gyara, ki faɗa wa shugabar ku biyu, ba gaban mara lafiya ba. Kada ki ɗauki hoton mai jego ko jaririnta don Facebook, ko da ta yi murmushi, don macen da ke kwance a gadonki ba ta da bakin cewa a'a. Ki koyi gaisuwa da Cicewa, harshen da aka fi ji a ƙasar, "Muli bwanji", amsar "Ndili bwino", godiya "Zikomo". A Mangoci yawanci 'yan ƙabilar Yao ne, da harshensu daban, kuma akasarinsu Musulmi ne, sallama ma za ta buɗe miki ƙofa. Ki sa a rubuta miki "yunƙura", "dakata", "numfasa" da "ina ke ciwo" da harsunan biyu a ƙaramin kati.

Ungozoma82:

Allah ya saka muku da alheri, Baba, Anti, da ɗan'uwa Tafiyayye. Baba, maganar magidancin nan ta shige ni. Na samu ganin likita ranar Talata, za mu duba tsakanin Malarone da doksisaikilin, kuma a ranar za a yi mini allurar haukan kare ta farko. Tafkin kuma zan kalle shi daga tudu.

Anti, kin yi gaskiya, ba a fara rajistar ba. Na kira su jiya, sun nemi kwafin takardun makarantata da wasiƙar hukumar da nake aiki ƙarƙashinta, na tura da safen nan. Na mayar wa abokan aikina magungunan, na gaya musu dalili, biyu daga ciki suka ce su za su sayi tocilan goshin. Shugabar ɗakin ta amsa wasiƙata cikin awa uku: na'urar awon jini biyu, agogon bango mai hannun daƙiƙa don ƙirga bugun zuciyar jariri, da batura. Ta ƙara da tambaya ko na iya koyar da farfaɗo da jaririn da ya fito ba numfashi, don an turo musu sababbin ma'aikata huɗu da ba su taɓa yi da hannunsu ba. Wannan shi nake koyarwa duk wata a wurin aikina. Anti, 'yar tsanar da ake gwaji da ita, irin wadda ake cika ta da ruwa, tana jure zafin can, ko in nemi wata daban?